Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi: Su Wa Ke Zuwa Ina A Manyan Biranen Nijeriya?

IKKO: A kowace unguwa mai cunkoson jama'a a manyan biranen Nijeriya, ko Agege da Mushin a Ikko, ko Sabo a Badun, ko Fagge a Kano, ko Nyanya a Babban Birnin Tarayya, wanda ya wayi gari da zazzaɓi yana da wurare uku da zai nufa. Akwai ɗakin shan magani na gwamnati, akwai ƙaramin asibitin kuɗi, wanda sau da yawa gidan haya ne aka gyara aka kafa masa allo, akwai kuma shagon magani da aka fi sani da kemis. Abin da aka saba faɗa shi ne talaka na gwamnati yake zuwa, mai hali kuma na kuɗi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma duk wanda ya wuni a bakin ƙofar waɗannan wurare zai ga cewa lissafin ya wuce haka. Iyali ɗaya sukan bi ta ƙofofin nan uku a cikin wata guda, kuma abubuwa uku ne ke yanke musu shawara: irin larurar, da yawan lokacin da za ta ci, da kuma wanda zai biya kuɗin.

Batun ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye. Rashin lafiyar yaron shago ko direban mota asarar ciniki ce ga uban gida, kuma galibi daga aljihunsa kuɗin magani ke fita. Bugu da ƙari, harkar kiwon lafiya ita kanta kasuwa ce babba, wadda mai son zuba jari a cikinta yake bukatar sanin su wane ne abokan cinikinta.

Yadda aka shata aikin

Tsarin kiwon lafiya na Nijeriya hawa uku ne. Gwamnatin Tarayya ce ke riƙe da akasarin asibitocin koyarwa, gwamnatocin jihohi na kula da manyan asibitoci, sannan kiwon lafiya a matakin farko, watau ɗakunan shan magani da cibiyoyin lafiya na unguwanni, aka ɗora shi a kan ƙananan hukumomi. Tushen wannan mataki shi ne taron da aka yi a Alma-Ata cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet a 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa hanyar kai lafiya ga kowa ita ce a kusantar da magani da rigakafi ga jama'a a inda suke zaune.

Wanda ya ɗauki wannan aƙida da gaske a ƙasar nan shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 domin gwajin shirin, a 1988 aka ƙaddamar da manufar kiwon lafiya ta ƙasa, a 1992 kuma aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa. Daga baya, ganin yadda hannaye suka yi yawa a kan aikin, Majalisar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta amince a 2011 cewa kowace jiha ta tattara harkokin wannan mataki a ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, an tsara waɗannan cibiyoyi ne domin rigakafi, da kula da mata masu juna biyu, da yara, da cututtukan yau da kullum. Mafi yawan masu aiki a cikinsu malaman lafiya ne da suka fito daga makarantun koyon aikin lafiya, da nas-nas da ungozomomi. A wurare da dama babu likita da ke zaune a cibiyar kullum. Wannan tsari na asali shi ne har yau yake tantance irin mutanen da ake gani a layinsu.

Yadda asibitocin kuɗi suka yawaita

Asibitocin da ba na gwamnati ba sun daɗe a ƙasar nan. Asibitin mishan na Sacred Heart da ke Abeokuta tun 1895 aka kafa shi. Amma yawaitar ƙananan asibitocin kuɗi a lunguna ta samo asali ne daga matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, ɗaya daga cikin dalilan da sojoji suka bayar shi ne cewa asibitocin gwamnati sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani, babu ruwa, babu kayan aiki.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, watau SAP, ya karya darajar Naira, farashin magungunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabo, albashin ma'aikatan lafiya kuma ya zama ba ya kai su ƙarshen wata. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin asusun magani mai juyawa, inda majiyyaci zai sayi magani a cibiyar gwamnati, a yi amfani da kuɗin wajen sayo wani. Daga nan bambancin kyauta da saye ya fara dushewa. Majiyyaci ya ga cewa ko a asibitin gwamnati sai ya yanki kati, ya biya kuɗin gwaji, sannan a rubuta masa magani ya fita ya saya a waje. Likitoci da nas-nas da yawa kuma suka buɗe nasu wuraren, wasu bayan sun ajiye aiki, wasu kuwa suna zuwa da yamma bayan an tashi. A Jihar Legas a yau, wuraren kiwon lafiya masu zaman kansu sun ninka na gwamnati a yawa.

Masu zuwa na gwamnati

Da safe, layin cibiyar lafiya ta gwamnati a kowane birni layin mata ne da yara. Dalili a bayyane yake. Allurar rigakafin yara, daga ta tarin fuka da ake yi wa jariri, zuwa ta shan inna da ta ƙyanda, kyauta ce bisa manufar gwamnati, kuma a can ne ake da firjin da ke adana ta yadda ya kamata. Awon ciki ma ya fi sauƙin kuɗi a can, ana kuma raba gidan sauro da maganin ƙarin jini idan akwai. Saboda haka matar ɗan kasuwa mai hali, wadda ba za ta taɓa kai kanta cibiyar ba domin ciwon kai, takan kai jaririnta ranar rigakafi ba tare da jin wani ƙasƙanci ba.

Kashi na biyu su ne masu cututtukan da maganinsu ke ɗaukar dogon lokaci, kuma gwamnati da ƙungiyoyin agaji na duniya ke ɗaukar nauyinsa. Maganin tarin fuka, wanda ake sha na wata shida, da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau, ana bayar da su kyauta a cibiyoyin da aka keɓe, mafi yawansu na gwamnati. Kashi na uku kuwa su ne masu ƙaramin ƙarfi, da tsofaffi, da waɗanda lokaci bai yi musu tsada ba, ko da yake kuɗi ya yi.

Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa a Nijeriya a asibiti aka yi ta, kashi 26 a na gwamnati, kashi 13 a na kuɗi. A birane adadin masu haihuwa a asibiti ya kai kashi 61 cikin 100. Sai dai rabon ya bambanta daga shiyya zuwa shiyya. A biranen Kudu maso Yamma da Kudu maso Gabas, gidajen haihuwa masu zaman kansu suna da kaso mai tsoka, alhali a biranen Arewa, matar da ta yanke shawarar haihuwa a asibiti ta fi karkata ga na gwamnati.

Akwai wata ɗabi'a ta mutanen birni da ya kamata a ambata. Da yawa daga cikin masu son asibitin gwamnati sukan tsallake cibiyar unguwa su tafi babban asibiti kai tsaye, domin a can ne suke da tabbacin ganin likita. Shi ya sa ɗakin ganin marasa lafiya na Asibitin Murtala Muhammad a Kano ko na manyan asibitocin Ikko yake cika maƙil da masu larurar da ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya dubawa.

Masu zuwa na kuɗi

Asibitocin kuɗi ba ɗaya suke ba, masu zuwa cikinsu ma haka. A sama akwai na Ikoyi da Victoria Island da Lekki a Ikko, da na Maitama da Asokoro a Abuja. Abokan cinikinsu attajirai ne, da baƙin ƙasashen waje, da manyan ma'aikatan bankuna, da na kamfanonin mai da na sadarwa. Yawancin waɗannan ma'aikata ba daga aljihunsu suke biya ba. Tun kafin zuwan inshora, kamfanoni sun saba ƙulla yarjejeniya da wani asibiti ya riƙa duba ma'aikatansu ana biyansa a ƙarshen wata, yanzu kuma kamfanonin inshorar lafiya ne suka gaji akasarin wannan aiki.

Amma waɗannan tsiraru ne. Mafi yawan asibitocin kuɗi ƙanana ne, masu gado kaɗan, da likita ɗaya ko nas ɗaya, a tsakiyar unguwannin talakawa. Masu zuwa cikinsu kuwa su ne ƙananan 'yan kasuwa, da direbobi, da masu sana'ar hannu, da 'yan dako, watau mutanen da abincinsu ya dogara da fitar yau. A ɗauki misalin mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 ko dillalin raguna a Alaba Rago. Cinikinsa da safe ne, kayansa kuma ba sa jira. Idan ya tafi cibiyar gwamnati zai yanki kati, ya bi layi, a tura shi gwaji wani wuri, a tura shi sayen magani wani wurin, kafin ya gama kasuwa ta watse. Idan ya haɗa kuɗin mota da cinikin da ya rasa, sai ya ga mai arha ya fi tsada. A asibitin kuɗi kuwa zai je bayan sallar isha'i, a duba shi, a yi masa gwaji, a ba shi magani a wuri guda.

Bayan lokaci, akwai bashi. Mai ƙaramin asibiti maƙwabci ne, ya san majiyyaci, ya san shagonsa, yana iya karɓar rabi yau a cika masa idan an yi ciniki. Akawun gwamnati ba shi da wannan iko. Akwai kuma mu'amala. Ɗan Arewa da ke zaune a Idi-Araba ko Agege yakan fi son wurin da zai sami mai jin Hausa, ko wurin da mace za ta duba iyalinsa. Haka nan masu larurar da ake jin kunyar faɗa sukan guji cibiyar unguwa, inda kowa ya san kowa.

Yajin aiki shi ma yana tura jama'a. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe kimanin wata biyu suna yaji, daga farkon Agusta zuwa farkon Oktoba. A irin wannan lokaci mai hali da marar hali duk asibitin kuɗi suke komawa, wasu kuma ba sa dawowa ko bayan an janye yajin.

Kemis, ƙofar farko

Duk lissafin da ya tsaya a kan asibiti biyu ya bar mafi girman ɓangare a baya. Ga zazzaɓi, da mura, da gudawa, da ciwon jiki, mai kemis shi ne wanda akasarin talakawan birni ke fara gani. Yana kusa, ba a yankar kati, kuma yana sayar da magani daidai kuɗin da ke hannun mutum. Lasisin da Hukumar Kula da Harkar Harhaɗa Magunguna ke ba shi ya taƙaita ne ga magungunan da ba sa bukatar takardar likita, bai ba shi izinin yin allura ko kwantar da majiyyaci ba. A aikace, da yawa sukan ƙetare wannan iyaka. Illar ita ce shan rabin magani, da ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro ba tare da gwaji ba, da kuma jinkirin zuwa asibiti har ciwo ya yi nisa. Mafi talaucin mutanen birni a nan suke tsayawa, ko wajen mai maganin gargajiya, ba sa kai wa ga na gwamnati balle na kuɗi.

Wa ke biya?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fita, a lokacin da ciwon ya zo. Wannan na daga cikin mafi yawa a duniya. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, amma kasafin Gwamnatin Tarayya bai taɓa kai wannan adadi ba.

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da Doka ta 35 ta 1999, ya fara aiki a 2005, kuma ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarsa. Ma'aikaci kan zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa, na gwamnati ko na kuɗi, da shi da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba, ya riƙa biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Binciken 2018 ya gano cewa kashi 3 cikin 100 kacal na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke da inshorar lafiya. Jihohi sun shigo daga baya: Legas ta yi dokarta a 2015, ta ƙaddamar da shirin a 2018, Kano kuma ta yi tata a 2016. A Mayu 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta mayar da inshorar lafiya dole. Zuwa ƙarshen 2024 hukumar inshorar ta ce masu rajista sun haura miliyan 19, a ƙasar da jama'arta suka wuce miliyan 200.

Ta ɓangaren cibiyoyin gwamnati, Dokar Kiwon Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu na musamman da za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, sai dai ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Manufar ita ce a sami cibiya ɗaya mai aiki sosai a kowace mazaɓa.

Tun daga 2023 lissafin ya sake sauyawa. Cire tallafin man fetur a Mayu da sakin farashin Naira a Yuni sun ɗaga kuɗin magani, da na man janareta, da na sufuri. A shekarar ce kamfanonin GlaxoSmithKline da Sanofi suka bayyana cewa za su daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Nijeriya. Asibitin kuɗi ba shi da inda zai kai ƙarin sai kan majiyyaci. Mai albashin da ba shi da inshora, wanda a da yake iya biyan asibitin kuɗi, shi ne wannan sauyi ya fi matsa wa, domin zaɓin da ya rage masa shi ne layin gwamnati ko kemis.

Batun inganci

Biyan kuɗi ba shi ke tabbatar da ingancin magani ba. A cikin asibitocin kuɗi akwai waɗanda suka fi na gwamnati kayan aiki, akwai kuma waɗanda ba su da rajista, inda wanda ba likita ba ke sa farar riga. Domin haka Jihar Legas ta kafa hukumar sa ido da tantance wuraren kiwon lafiya, watau HEFAMAA, a 2006, Kano ma tana da hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu. Matsalar da aka fi dangantawa da asibitin kuɗi ita ce yawan allura da ƙarin ruwa da gwaje-gwajen da ba lalle ba ne, tun da ribarsa na tattare da su. Ta gwamnati kuwa ita ce ƙarancin ma'aikata, da yankewar magani, da rufe ƙofa da wuri.

Abin da ya faru a 2014 ya nuna cewa lafiyar jama'a ba ta rataya a wuyan gwamnati ita kaɗai ba. A Yuli na shekarar, lokacin da likitocin gwamnati ke yajin aiki, an kai Patrick Sawyer, wanda ya shigo da cutar Ebola daga Laberiya, wani asibitin kuɗi a Obalende. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta yi zargin cutar ce, ta hana shi fita, ta sanar da hukuma. Ta rasa ranta a Agusta, amma a ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar.

Abin lura ga 'yan kasuwa

Mai kamfani ko shago da ke da ma'aikata biyar ko fiye ya sani cewa dokar 2022 ta haɗa da shi. Ko ba don doka ba, biyan kuɗin inshora na shekara ya fi sauƙin lissafi a kan a wayi gari ana neman kuɗin tiyata daga jarin da ake juyawa. Ƙungiyoyin kasuwa, na masu hatsi, da na mahauta, da na direbobi, suna iya yi wa membobinsu rajista a dunƙule a shirye-shiryen jihohi, kamar yadda suka saba haɗa adashi.

Wanda zai kai iyalinsa ko yaransa asibitin kuɗi ya nemi ganin takardar rajistar wurin da lasisin likitan, ya kuma karɓi rasit. Rigakafin yara, da awon ciki, da gwajin tarin da ya wuce mako biyu, a fara da cibiyar gwamnati. Mai niyyar zuba jari kuwa ya lura cewa babbar kasuwar tana unguwannin masu cin abinci da guminsu, inda ake neman wurin da ke buɗe da dare, mai gwaji da magani a wuri ɗaya, wanda kuma ya kafe farashinsa a bango kowa ya gani.